Wadda Aka Ba Ajin Malama Uwani

Har gobe ina ganin safiyar Litinin ɗin nan a idona, ranar da sababbin malamai suka shigo makarantarmu, kowa da takardarsa a hannu. A lokacin ni ce shugabar wata makarantar firamare a cikin birnin Zariya, ta wajen Kwarbai, kuma na daɗe ina riƙe da ita. Tunda yawancinku yanzu aka ba ku shugabanci, bari in ba ku labarin yadda muka ƙare da su.

Ga wanda bai san tsarin ba, shugaban makaranta ba ya zaɓen malamansa. Ofishin ilimi ne ke turo malami, shi ne kuma ke ɗauke shi. Naka dai ka karɓi takarda, ka sanar da ofis cewa ya kama aiki, ka ba shi aji. A shekarar da nake magana an yi wa malaman firamare babban sauyi. Wasu lokacin ritayarsu ya yi, wasu aka canza musu wurin aiki, wasu kuma aka sallame su bayan an tantance malamai. A wurinmu kusan rabinmu suka tafi a zango guda.

To, a cikin birni malamin da aka sallama ba ɓacewa yake yi ba. Maƙwabcinka ne, ko surukinka, ko wanda kuke haɗuwa a gidan suna. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Malama Uwani, wadda ta yi shekaru tana koyar da aji biyu. Akwai magidanta a unguwar da a hannunta suka fara sanin baƙi da wasali. Gidanta yana jingine da katangar makaranta ta baya. Aji biyu a wurinmu kashi biyu ne, A da B. Ita ke riƙe da A, ƙanwarta Malama Asabe, uwa ɗaya uba ɗaya, tana riƙe da B. Kullum tare suke shigowa, tare suke fita. Aka wayi gari Asabe ita kaɗai ke shigowa.

Wadda na ba ajin Uwani wata yarinya ce, Malama Ruƙayya, 'yar wani ƙauye a hanyar Soba. Iyayenta manoma ne, kuma ita ta fara yin karatun malanta a gidansu. Tana zaune wurin gwaggonta a Gyallesu, kullum sai ta hau adaidaita sannan ta ƙarasa da ƙafa, amma ban taɓa shigowa na tarar ba ta riga ni ba. Ba ta da yawan magana. In ta tsaya gaban allo kuwa sai ka ce wata ce daban.

Ba a yi faɗa ba, ba a yi zagi ba. Da ma faɗan aka yi, da ya fi mini sauƙi. Abin da ya faru shi ne makaranta ta rabu biyu ba tare da kowa ya furta ba. In sabo ya yi gaisuwa sai a amsa masa a taƙaice. In an tashi tara, tsofaffin malamai su haɗu wuri guda su ci abin da suka kawo, sababbi kuma kowa ya zauna a ajinsa. In sabo ya tambayi mabuɗin ɗakin littattafai sai a ce ba a san wanda ke riƙe da shi ba. Yara kuwa sun fi kowa saurin gane irin wannan. Sai ka ga malami sabo yana magana a taron safe ana surutu, tsohon malami na tsaye a gefe bai ce uffan ba. Iyaye suka fara zuwa ofishina suna roƙon in mayar da 'ya'yansu ajin wanda suka sani. Wasu ba su ma zo ba, sai dai mu ga yaro ya daina zuwa, daga baya mu gan shi da kayan wata makarantar kuɗi.

Na kira taron malamai, na yi magana a kan haɗin kai da amana. Kowa ya ce, to Hajiya. Washegari komai yana nan yadda yake. Mataimakina Malam Lawal, dattijo mai barkwanci wanda ya riga ni zuwa makarantar, ya ce mini in bar wahalar da bakina, mutanen nan ba rashin sani ke damunsu ba, ciwo ne.

Muna cikin haka damina ta faɗi. Wani yammaci aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, ta yaye kwanon jerin azuzuwan da ke gabas, inda duk kason A suke. Allah ya kiyaye an riga an tashi, ba wanda ya ji ciwo. Da safe na tarar da kwano a nannaɗe cikin fili, benci duk a jiƙe. Na kai rahoto ofis kamar yadda doka ta ce. Jami'in da ke kula da shiyyarmu ya zo ya duba, ya ɗauki hoto, ya gaya mini gaskiya cewa gyara zai ɗauki lokaci domin ba mu kaɗai iskar ta taɓa ba. Ya ce in san dabarar da zan yi, kada dai karatu ya tsaya.

Dabara ɗaya ce: a haɗe A da B a ɗaki guda, malamai biyu a kan aji ɗaya. Da na zauna na duba, sai na ga kusan kowane aji zai haɗa tsoho da sabo. Aji biyu kuwa zai haɗa Asabe da Ruƙayya. Malam Lawal ya ba ni shawarar in musanya Ruƙayya da wata, ya ce haɗa waɗannan biyun neman magana ne. Na ce masa a'a. In na raba su yau, na nuna wa kowa cewa akwai malamin da ba za a iya zama da shi ba, kuma ni na sa hannu a kai.

Na kafa musu ƙa'ida guda. Ba wanda zai zauna a kujera yana kallo. In ɗaya yana gaban allo, ɗayan yana cikin yara yana duba abin da suke rubutawa. Bayan tara su musanya.

Ko awa ba a yi da faɗin haka ba sai ga Asabe a ofishina. Ta rufe ƙofa, ba ta zauna ba.

"Hajiya, ki haɗa ni da kowa a makarantar nan, ban da ita."

Na tambaye ta ko yarinyar ta yi mata wani laifi. Ta ce ba ta yi mata komai ba, amma duk sanda ta ga ta ɗauki alli a ajin nan sai ta ji zuciyarta na tafasa. Na ce mata na san abin da take ji, domin ni ma tare muka fara aiki da Uwani, kuma har yanzu ina shiga gidanta. Amma yaran kason A yaran yayarta ne, ta san su, ta san gidajensu, ba wanda ya fi ta dacewa ya tsaya a kansu. Na ce ba zan canza ba. Ta dube ni ta ce, shi ke nan, ta fita.

Makonnin farko aji biyu ya yi kama da gidan da ake zaman doya da manja. Ɗaki ya cika har bakin ƙofa, wasu a benci wasu a tabarma. Suna bin ƙa'idar da na kafa, amma in Asabe za ta yi wa Ruƙayya magana sai ta aiki yaro, alhali suna ɗaki ɗaya. Duk da haka na lura da abu guda. Ruƙayya ta zo da wata hanya ta koyar da karatu, inda ake fara koya wa yaro sautin harafi da 'yar waƙa kafin a haɗa haruffan, kuma ta kan raba yara rukuni-rukuni gwargwadon inda kowa ya kai. Asabe ba ta yaba ba, amma ba ta rushe rukunan ba in lokacinta ya zo. Na ga haka na bar su.

Wata ranar Talata da hantsi Malam Lawal ya leƙo ya ce in zo, ana hayaniya a aji biyu. Wani Alhaji ne mai sayar da yadi daga Ƙofar Gayan. Bai biyo ta ofis ba, kai tsaye ya faɗa ajin. Ɗansa Sadiƙu ya fi kowa girma a ajin, Ruƙayya kuwa ta zaunar da shi a gaba tare da ƙananan da ba su gama sanin haruffa ba. Yaro ya je gida ya ce an mayar da shi cikin jarirai. Lokacin da na iso taga, Alhaji yana nuna ta da yatsa, yara sun yi tsit. Ya ce da Malama Uwani ce ba za ta yi wa ɗansa haka ba, an cire masu aikin an kwaso musu 'yan ƙauye. Ruƙayya na tsaye da alli a hannu.

Zan shiga ke nan sai na ga Asabe ta taso daga bayan aji. Gaskiya na ɗauka za ta bar shi ya gama, domin abin da yake faɗa ba shi da nisa da abin da ke ranta. Ta zo ta tsaya tsakaninsu.

"Alhaji, ajin nan mu biyu ke da shi. Inda ta zaunar da Sadiƙu nan ni ma zan zaunar da shi, don bai san haruffa ba tukuna. In da sauran magana, ga Hajiya can, a je ofis."

Alhaji ya san ko ita wace ce, ya san ƙanwar wa ce. Sai ya sauke hannunsa. Na ja shi ofis, na ba shi kujera, na yi masa bayanin rukunan, na roƙe shi ya ba mu zuwa ƙarshen zango. Ya tafi yana gunaguni, amma bai cire yaron ba.

Bayan an tashi na tsayar da Asabe na yi mata godiya. Ta ce kada in yi mata wata fassara, ba don yarinyar ta yi ba. Ta ce ba a wulaƙanta malami a gaban yara, ko wane ne shi, don in aka yi wa ɗaya yau gobe kowa ma za a yi wa. Na ce na ji. A raina kuwa na san an fara saukowa.

Washegari Ruƙayya ta jira har kowa ya watse sannan ta shigo. Na ɗauka neman canjin wurin aiki ya kawo ta, kuma ta amsa mini cewa ta kwana da tunanin haka. Ta ce ta daɗe tana jin sunan Malama Uwani a bakin yara, ta ɗauka wata makarantar aka mayar da ita. Sai jiya ta tambayi Malam Lawal, ya gaya mata komai: an sallame ta ne, yayar Asabe ce, kuma ga gidanta nan bayan katanga. Ta ce yanzu ta gane dalilin duk abin da take gani. Sannan ta ce, "Hajiya, ina so a kai ni in gaishe ta."

Ban amsa nan take ba. Gidan mutane ne, kuma ciwon bai warke ba. Na ce ta bari in tambaya. Da na gaya wa Asabe, ta ce za ta faɗa wa yayarta, in ta ƙi kada in ga laifinta. Kwana biyu bayan haka ta zo ta ce mini, Alhamis bayan la'asar.

Muka je mu uku. Muka tarar da Uwani a tsakar gida tana ɗinkin hula, sana'ar da ta koma yi. Ta rame, amma tana nan da kwarjininta. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta sa aka kawo ruwa. Muka gaisa, aka tambayi gida da yara. Ruƙayya ta durƙusa a gefen tabarma, ba ta yarda ta zauna sosai ba.

"Mama, ni ce aka ba ajinki."

Uwani ba ta ɗago daga ɗinkin ba. Ta ce ta sani. Ta ce kafin iska ta yaye kwanon, daga nan inda take zaune take jin muryarta kullum ta bayan katanga. Ta ce da farko ta kan tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa don kada ta ji. Daga baya ta daina tashi. Sannan ta ajiye allura ta dube ta, ta ce mata tana da sauri, ta riƙa jira na baya su iso kafin ta wuce gaba. Amma waƙar haruffan nan tata, ta ce, har jikarta da ba ta isa shiga makaranta ba ta iya ta.

Ruƙayya ta fara ba ta haƙuri, hawaye na zubo mata. Uwani ta tsayar da ita, ta ce ba ita ta sallame ta ba, aiki ta nema aka ba ta, kamar yadda ita ma ta taɓa nema. Ba ta ɓoye cewa abin ya yi mata zafi ba, ta ce har yanzu in ta ji ƙararrawar safe gabanta na faɗuwa. Daga nan ta juya ga ƙanwarta.

"Ke kuma Asabe, an gaya mini irin zaman da kike yi da yarinyar nan. Fushin nan nawa ne, ki bar mini kayana. Ban aike ki ki kai mini shi aji ba. Yaran da ke cikin ɗakin nan 'ya'yan unguwarmu ne, in kun ja daga su za su tashi ba karatu."

Asabe ta ce, to Yaya. Ta sa gefen mayafi ta share ido. Muka ɗan taɓa hira, Uwani ta tambayi labarin wasu yara da sunayensu, Ruƙayya na ba ta amsa, muka yi sallama. A hanyar fita, cikin lungu, na ji Asabe ta tambayi Ruƙayya ko ta san inda za ta samu adaidaita a wannan lokacin. Ita ce maganar farko da ta yi mata baki da baki. Ta raka ta har bakin titi.

Ba zan ce muku washegari komai ya gyaru ba. A hankali abin ya zo. Akwai yaran da suka daina zuwa tun farkon sauyin, sai Asabe ta fara ɗaukar Ruƙayya bayan an tashi suna bin gidajensu. A cikin birni baƙo ba ya faɗa wa gidan mutane haka kawai, sai da wanda aka sani. Asabe ke yin sallama, ita ke cewa ga malamar ɗanku, tare muke. Ta haka Ruƙayya ta san lunguna, ta san gidan da ake fara gaida tsohuwa kafin a nemi uwar yaro, ta san wanda maraya ne da wanda ke yi wa uwarsa aike da safe shi ya sa yake makara. Ita kuma Asabe, wata rana na wuce na ji ta tana rera waƙar haruffa da yara, tana kuskure suna gyara mata suna dariya.

Da sauran malamai suka ga waɗannan biyun sun sauko, ba wanda ya ga dalilin ci gaba da ɗaure fuska. Na yi amfani da damar na ware ɗan lokaci duk ranar Alhamis bayan an tashi, malamai biyu na aji guda su koyar da mu darasi ɗaya kamar mu ne yaran, sannan kowa ya faɗi abin da ya gani. Malam Lawal ne ke zama ɗalibin da ba ya ganewa, yana ta tambayoyin da ke sa mu dariya. A nan tsofaffi suka ga sababbin nan sun san aiki, sababbi kuma suka ga riƙe aji cike da yara ba abu ne da ake koya a kwaleji ba. Ba kowa muka samu ba. Wani saurayi cikin sababbin ya nemi canji ya tafi, wani dattijo cikin tsofaffin kuma har ya yi ritaya bai saki jiki ba. Amma makaranta ta koma guda ɗaya.

A ƙarshen zango Sadiƙu ya koma rukunin tsakiya, yana haɗa kalmomi da kansa. Alhaji bai zo ya ce komai ba, sai dai da aka buɗe sabuwar shekara ya aiko da ƙanwar yaron a sa ta aji ɗaya. Lokacin da aka gyara kwanon na ce kowa ya koma ɗakinsa, Asabe da Ruƙayya suka zo tare suka roƙi in bar musu darasin karatu a haɗe. Na bar musu.

Bayan wani lokaci aka yi sunan jika a gidan Uwani, duk muka je. Na tarar da Ruƙayya ta ɗaure zane a bakin tukunya tana zuba wa baƙi abinci. Wata tsohuwa da ta zo daga nesa ta dube ta, ta tambayi Asabe 'yar wane gida ce wannan, ba ta gane ta ba. Asabe ta ce, "Ta nan gidan ce, Inna. Tare muke aiki."

Abin da na koya shi ne, takarda tana kawo malami makaranta ne kawai, ba ta shigar da shi cikin mutane. Sai wani na ciki ya kama hannunsa. Waɗanda aka bari bayan sauyi kuma ba mugunta ke sa su ɗaure fuska ba, kewar waɗanda suka tafi ce, kuma jawabi a taro ba ya maganinta. Don haka in aka turo muku sabon malami, ku bincika gurbin wa ya shiga, kuma wa tafiyar wancan ta fi taɓawa. Kada ku raba su don gudun rigima. Ku ba su aiki guda wanda ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, ku tsaya kusa, ku yi haƙuri. Na yi shekaru a wannan aiki, ban taɓa ganin malamai biyu na gaskiya sun tsaya a kan yara ɗaya sun daɗe suna gaba ba.